Baƙuwar Shinkafa a Gonar Iri

"Wa ya watsa wannan?"

Ina tsaye cikin taɓo riƙe da zangarniya biyu, ɗaya gajera, ɗaya doguwa mai jan baki. Masoyina ya yi tsuru-tsuru a bakin gonarsa.

"Wallahi, hasken idona, yadda kika koya min na yi! Dashe a layi, tsiro ɗai-ɗai..."

Ni ce malamar gona a shirin bunƙasa noman shinkafa. Muna ba ƙananan manoma ingantaccen iri. Wanda gonarsa ta fito ba gauraye sai a ɗauke shi mai noman iri, ya yi sallama da talauci. Sharaɗin da Baba ya gindaya masa ke nan a kaina, don shi ɗan mai injin casa yake so na aura.

Jibi kuma masu duba gona za su zo.

"Ni na watsa," in ji wata murya a bayanmu.

Innarsa ce.

"Tun farkon damina ɗan mai inji ya same ni, wai gonarka tsirara take, ana maka dariya a kasuwa. Sai na ɗebi irin marigayi babanka na cike gurbin... Rufin asiri na nufa."

Ya juyo gare ni. "Sahibata, ki kau da kai mana!"

"Ko na kau da nawa, su ba za su kau ba. Sai dai a tsige baƙuwar tushe-tushe. Ni kuwa sai ta fitar da zangarniya nake gane ta, rabinta ba ta fitar ba."

A raina na riga na haƙura da shi.

Inna ta gyara ɗaurin zani ta shigo ruwan.

"Shekara talatin muna shuka ta da marigayi. Ganyenta kawai zan taɓa."

"Inna, irin Baba ne fa..." in ji masoyina.

"Na sani. Ko ƙwaya ba ta rage a tulu ba. Matsa min."

Kwana biyu tana tsigewa, muna kwasa. Masu duba gona suka zaga, suka sa hannu. Babana ya ɓata rai, amma bai tashi maganarsa ba. Bayan girbi aka ɗaura mana aure.

Yanzu abin da gonar ke bayarwa ya ninka na da sau uku. Inna tana ci, tana sa mana albarka. Ba ta taɓa cewa shinkafar ta yi daɗi ba.