Mai Biya wa Ɗalibai

Duk wanda ya yi jami'ar nan a shekarar da aka ninka kuɗin makaranta ya san Shugaba. Ba shugaban komai ba ne sai na ajinsu, amma sunan ya bi shi har gida.

Da ƙarin ya zo, aji ya fara zubewa kamar haƙoran tsoho. Yau benci guda ba kowa, gobe biyu. Wasu suka koma tuƙa babur, wasu suka naɗe katifa suka tafi ba sallama. Shugaba yana shekarar ƙarshe, uba ya rasu, Inna ce ke riƙe da gida da ɗan ɗinkinta. Amma kada tausayi ya sa mu yi masa ƙarya. Ba digiri kaɗai yake so ba. Mota yake so, da gidan sama, da ranar da masu raina shi za su rusuna masa.

Da rana tsaka ya je wurin boka, a bayan wata masana'anta da ta daɗe da mutuwa. Ɗaki ne ba taga, zafi kamar cikin tanda. Ƙahonni jere a bango, kowanne an toshe bakinsa da jan ƙyalle. A tsakiya akwai wata baƙar tukunya, ƙudaje na kewaya ta amma babu mai sauka a kanta. Bokan ba tsoho ba ne, har da agogo a hannunsa, sai dai idonsa ɗaya ba ya ƙiftawa.

"Ɗan boko," in ji shi, "kuɗin makaranta kake so, ko kuɗi?"

Shugaba ya ce, "Kuɗi."

"Madalla. Na tsani mai kunya."

"Amma ka sani, ni ba zan zubar da jinin kowa ba."

Boka ya kece da dariya. "Wa ya ba ka wuƙa? Alheri zan sa ka. Duk ɗalibin da ya buɗe baki ya roƙe ka kuɗin makaranta, ka biya masa. Ranar da ka hana wani, jikinka zai gaya maka."

"Shi ke nan? To kai mene ne ribarka?"

"Mai jin ƙishirwa ba ya tambayar wa ya gina rijiya. Miƙo hannu."

Boka ya tsaga masa tafin dama, ya tura hannun cikin tukunya har gwiwa. Wani abu mai sanyi ya kama yatsun Shugaba ya girgiza, kamar yadda ake yi in an gama ciniki.

Arziki ya zo kamar da bakin ƙwarya. Ɗan shagon buga takardu da ya buɗe ya zama kamfani, kwangila na bin kwangila. Ya gama karatu, ya gina gidan saman, ɗalibai suka fara layi a ƙofarsa.

Na farko shi ne Tabarau, abokin ɗakinsu na da, wanda ƙarin ya kora gida. "Shugaba, ka rufa mini asiri," ya ce, yana murza hularsa. Shugaba ya biya da murna. Ranar jarrabawa Tabarau ya miƙe a tsakiyar zaure ya fara tauna takardarsa yana dariya, har yau bai dawo hayyacinsa ba. Sai wata yarinya mai karatun haɗa magunguna da ya biya wa, aka same ta a ɗakin karatu ta kifa kai a kan littafi, jiki ya yi sanyi. Mutane suka ce wahalar karatu ce da yunwa. Shugaba kaɗai ya lura cewa duk makon da aka yi irin wannan, sabuwar kwangila ke shigo masa.

Ya gwada hanawa. Ya sa maigadi ya kori wani saurayi. Kafin la'asar hannun Shugaba ya kumbura ya yi baƙi, yana wari, sai da aka nemo yaron aka biya masa sannan kumburin ya sace. Aka sake ƙara kuɗin makaranta, layi ya ƙara tsawo. Iyaye na durƙusawa suna sa masa albarka, shi kuwa yana kallon 'ya'yansu kamar mahauci a bakin garke.

Ana haka Auta, ƙanwarsa ciki ɗaya, ta samu gurbi a jami'a. Ya kashe waya, ya daina zuwa gida. Inna ta ɗauko ta suka same shi a ofis.

"Kana biya wa 'ya'yan mutane, taka ƙanwar ce ba ta cancanta ba?"

"Inna, in buɗe mata shago. In saya mata mota. Komai, ban da wannan."

"Yaya, me na yi maka?" in ji Auta, hawaye na zuba. "Don Allah ka biya mini."

Ya runtse ido. "A'a."

Da hannu naɗe da tsumma ya koma wurin boka. "Ka ɗauki gidan, ka ɗauki kamfanin, ka ƙyale mini yarinyar nan."

"Tukunya ba ta cin bulo," in ji boka.

Shugaba ya ƙi biya. Ruɓa ta ci hannun har kafaɗa, likitoci suka yanke shi. Ya farfaɗo a gadon asibiti yana murmushi, don ya ɗauka ya fanshi ƙanwarsa. Inna na zaune a gefe tana masa fifita.

"Kwantar da hankalinka, na yafe maka," ta ce. "Sarƙar gwal ɗin da ka saya mini na sayar, na biya mata. Ai kuɗinka ne, ladan naka ne. Yau ma ta fara shiga aji."

Ihun da ya yi sai da ya tara duk masu jinya. Kafin azahar aka kawo Auta asibitin a mota, jini na fita ta kunnuwanta, ba ta kai ƙofar likita ba.

Kamfani ya rushe, gida ya koma hannun wasu. Shugaba yana nan a ɗakin bayan gidan Inna, ƙafa a mari, duk wanda ya leƙa sai Shugaba ya roƙe shi kada ya roƙe shi komai.

Ku da ƙarin nan ya matse, na san zafinsa. Amma gara ka ajiye karatu ka koma da ƙafarka da hankalinka. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma boka bai taɓa ba da kyauta ba: abin da ka fi so a duniya, shi zai ɗauka.