Mai Gyaran Da Ya Zo Hawa Na Bakwai

Namarik tana buɗe ƙofa ta tsaya cak...

Muntasir ne tsaye. Muntasir ɗinta. Ba cikin farar jallabiya da rawanin da ya je gaida mahaifinta da su a masallaci ba, cikin shuɗin kayan aiki ne masu ɗigon baƙin mai, jakar ƙarafa a kafaɗa, naɗin igiya a hannu.

Shi ma idanunsa suka fito. Bai taɓa hawowa gidansu ba, iyakarsa bakin layi, ga gine-ginen unguwar Faisal ta Alƙahira duk kamarsu ɗaya.

"Ka juya..." ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Don Allah masoyina ka juya, kafin Yaba ya fito."

Sai dai Yaban ya riga ya fito.

Ustaz Dafalla, mahaifinta, yana tsaye a bayanta da jarida a hannu. Ya dubi saurayin daga takalmi har zuwa fuska, ya sake dubansa.

"Wannan ba shi ne injiniyan kwamfutar ba?"



Laifin Namarik ne, ita ma ta sani. Gaskiya ne Muntasir ya karanta kwamfuta a Khartum, da sakamako mai kyau ma. Da yaƙi ya koro su daga Sudan zuwa Alƙahira ya zaga kamfanoni har takalminsa ya cinye. Wasu su tambayi izinin aiki, wasu su nuna masa 'yan ƙasa da ke jiran kujerar tun kafin ya zo. Wani Bamisire mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne ya ɗauke shi, ya koya masa aikin. Zafin garin nan kuwa ba ya tambayar kowa takarda. Yanzu wayarsa ba ta hutawa, shi ke riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa, har wani ɗan kwangila na neman tafiya da shi Jidda.

Amma ta san mahaifinta. Babban ma'aikaci ne a can gida, mai ofis da direba. Tun da suka zo yake zaune ba aiki, kullum yana goge gilashinsa yana cewa bai ratso hamada da 'yarsa don ya miƙa wa lebura ba. Shi ya sa ta faɗi karatun ta ɓoye sana'ar, ta kuma yi ta roƙon Muntasir ya yi shiru har a sa rana. Ranar Juma'ar nan ma manyansa za su zo neman aure.

Daga falo aka ji wata 'yar dariya.

Mujtaba ne, ɗan gwaggonta, kwamfutarsa a cinya. Shi ke ɗan yi wa wani kamfani na Dubai aiki daga ɗaki, yana jiran bizar da kullum ake ce masa wata mai zuwa. Ya daɗe yana son Namarik, ita kuma ba ta ko kallonsa. Da na'urar sanyaya ɗakin gidan ta mutu, shi ne da safe ya ce ya san wani mai gyara mai sauƙin kuɗi, shi ya buga waya.

"Kawu, ai duk na'ura ce," ya ce yana miƙe ƙafa. "Tasa dai ta fi tawa nauyi."

Namarik ta watsa masa harara, hawaye na taruwa a idonta.

Muntasir ya ajiye jakarsa a hankali. Ya gaida Ustaz cikin ladabi, ya ce wannan ce sana'arsa, da ita yake ci, kuma ya yi kuskure da bai faɗa tun ranar farko ba. Bai ambaci sunan Namarik ba ko sau ɗaya.

Ustaz ya nuna masa hanyar ɗaki da jaridar.

"Ka yi abin da ya kawo ka, a sallame ka. Maganar Juma'a kuma a bar ta."

Ta ji kamar ƙasa ta tsage da ita...

A ɗakin, Habboba, kakarta, tana kwance tana fifita da gefen laffayarta. Tun da na'urar ta mutu hawan jininta ya tashi, ko barci ba ta yi. Ta buɗe ido ɗaya ta dubi baƙon, ta ce ita dai ko aljani ne in zai kawo sanyi tana maraba da shi.

Ya buɗe na'urar, ya saurara, ya leƙa ta taga. Ya ce matsalar tana injin waje ne, wanda ke maƙale a jikin bango. A waya an ce masa wankin na'urar kawai za a yi, shi ya sa ya zo shi kaɗai. Wannan kuwa sai da mutum biyu, ɗaya ya fita, ɗaya ya riƙe igiya. Ya nemi a bari sai gobe.

Ustaz ya ce babu wata gobe, yau zai gama ya tafi. Habboba ta yi nishi ta ce goben ma ba lallai ta same ta ba.

Muntasir ya dubi tsohuwar, ya fara warware igiya.

"A'a..." Namarik ta ce. "Hawa na bakwai ne fa."

Bai kalle ta ba, don ya san in ya kalle ta ba zai iya ba. Ya ɗaura igiyar a ƙugunsa, ya ja ƙullin da ƙarfi. Mujtaba ya taso yana murmushi, ya miƙo hannu wai shi zai taimaka.

Muntasir ya girgiza kai.

A wannan aikin mai fita shi ke zaɓen mai riƙo, ko maigidansa ba ya zaɓar masa. Ya wuce Mujtaba, ya tsaya gaban Ustaz, ya miƙa masa bakin igiyar da hannu biyu.

"Ni?" in ji Ustaz. "Yanzun nan na kore ka."

"Ka kore ni a gaban idona, Ustaz. Mai yin haka ba ya sakin igiya."

Dattijon ya dubi igiyar. Can ya ajiye jaridar.

Muntasir ya naɗa masa igiyar a ƙugu, ya nuna masa yadda zai zauna a ƙasa ya tokare bango da ƙafafu. Ya yi bismillah, ya haura tagar, ya ɓace.

Namarik ta manne a gefen taga. Can ƙasa 'yan adaidaita sun koma kamar ƙwari. Shi kuwa ƙafa ɗaya a bakin taga, ɗaya a kan ƙarfen da ke riƙe da injin, yana kwance murfi kamar a tsakar gida yake. Har ya ɗago ya ɗan kashe mata ido.

Ta ji haushi, ta ji so, duk a lokaci guda.

Ya canza abin da ya ƙone, ya mayar da murfi, ya ce a kunna. Na'urar ta yi tari, ta kama gurnani. Habboba ta fara hamdala.

Yana juyowa zai shigo, tsohon ƙarfen da ya taka ya lanƙwashe.

"Muntasir!" Namarik ta ƙwalla ƙara.

Igiyar ta fizgi Ustaz har gwiwoyinsa suka daki bango. Ta zame a tafinsa, ya damƙe, ta sake zamewa, ya sake damƙewa yana kiran sunan Allah. Gilashinsa ya faɗi. Namarik ta faɗa bayansa ta rungume ƙugunsa tana ja da duk ƙarfinta. Habboba da ake cewa ba ta iya tashi ta diro daga gado, ta ɗaka wa Mujtaba duka a baya ta ce ya kama ko ta tsine masa. Ya kama.

Suka ja. Suka sake ja.

Hannu ya bayyana a bakin taga, sai kai, sai ga mutum ya faɗo cikin ɗaki yana haki.

Ustaz ne ya fara kaiwa gare shi. Ya riƙe fuskarsa yana shafawa, yana tambaya ko ya ji ciwo, ko ya bugu, bai ma lura tafukansa sun sale suna jini ba. Namarik ta zube gefe tana kuka tana dariya.

Mujtaba ya ɗauki kwamfutarsa ya sulale, ko sallama babu.

Da aka natsu, Namarik ta durƙusa tana ɗaure wa mahaifinta hannu. Ta ce ita ce ta ɓoye, ita ta hana shi faɗa, in akwai mai laifi ita ce. Ta ce tun da suka baro gida ba ta ga wanda ya tsaya da ƙafarsa kamar Muntasir ba, kuma shi take so, ko da me yake sanye.

 Sanyi na sauka a hankali, Ustaz kuma idonsa na kan igiyar da ke yashe a ƙasa, duk ta tsufa ta yi gashi.

"Kullum haka kake fita?"

"Kullum, Ustaz."

"In babu mai riƙewa fa?"

Muntasir ya sunkuyar da kai, ya ce wani lokacin a ƙafar gado yake ɗaurawa.

Dattijon ya runtse ido ya daɗe. Da ya buɗe, sai ya dubi 'yarsa, ya ga yadda ta kafe saurayin da ido kamar za a sake ƙwace mata shi.

"Ka gaya wa manyanka ina jiransu ranar Juma'a," ya ce. "Amma ka ji sharaɗina, ɗana. A cikin lefe, kafin turare, kafin zinariya, ina so in ga sabuwar igiya mai ɗamara, irin ta kamfani. Ni zan duba ta da hannuna."

Namarik ta kifa fuskarta a gwiwar mahaifinta.

"Yaba..."

Habboba kuwa ta gyara laffaya, ta cika ɗakin da guɗa, har maƙwabta suka fara buɗe ƙofofi.