Wane ne Fraser?

"Ki tafi mana. Wa ya riƙe ki?"

"Baba, ba haka nake so mu rabu ba..."

"To yaya kike so? In raka ki bakin bas da kiɗa?"

Ina kicin ina feraye dankali lokacin da ƙanena Odell da 'yarsa Corinne suke wannan a falo. Ba laɓe na yi ba. Ƙofar ce ba ta rufuwa sosai, ni kuma na matsar da kujerata kusa da ita don wajen ya fi haske.

Odell noman itacen Kirsimeti yake yi a kan dutsen nan namu, shekara talatin ke nan. Wahalar shekara gaba ɗaya a mako shida ake cin moriyarta, daga farkon Nuwamba zuwa jajibere. Tun da matarsa Lurleen ta rasu, Corinne ce mai amsa wayar masu saye. To kuma a wannan mako shidan ne 'yan wasan waƙa suke yawo gari-gari da wasansu na Kirsimeti, ita kuma tana cikinsu.

Ba ma ita ce jarumar ba. Ko-ta-kwana ce. Ta haddace waƙoƙin jarumar kaf, ta zauna bayan labule ko da matar za ta kwanta ciwo. Shekara biyu matar nan ko atishawa ba ta yi ba.

"Shekara biyu kina jiran wata ta yi tari," in ji Odell. "Ni ga ƙafa tana ciwo, ga itace dubu a tsaye. Ko dai dogon nan mai kunna fitilu ne yake jan ki?"

"Ba Ansel ne ya kai ni wasa ba, Baba. Amma ina sonsa, ba zan ɓoye maka ba."

Odell ya tashi ya fice. Sai ƙarar ƙofar baya.

Corinne ta shigo kicin ido jawur, ta rungume ni ta baya.

"Goggo Verna, ki kula min da shi. Ba ya shan maganin ƙafar sai an tsaya a kansa."

"Je ki, 'yar nan. Tun yana cikin zani nake fama da taurin kansa."

Aka yi wata guda. Ranar wata Talata ina shagon Imogene mai gyaran gashi, kaina cike da abin naɗe gashi, na ɗauki jaridar gari. Ga hoton Corinne nan ɓaro-ɓaro a shafi na uku. Wai 'yan wasan za su zo gidan wasan garinmu Asabar da Lahadi da rana, wai jarumar ta sauka saboda ciki ya yi nauyi, wai wadda ta maye gurbinta 'yar yankin nan ce, Corinne Fraser.

Na bi da yatsa har sau uku, da yake karatun nawa da yatsa ne. Fraser. Mu kuwa Pruitt ne tun kakanni. Mace kuma a wajenmu ba ta sauya sunan gidansu sai ta yi aure.

Allah ya sani ban faɗa wa kowa ba. Imogene kawai na nuna wa. Sai matar fasto, da yake tana kujerar kusa. Sai matar kantin magani, ita ma don ta ga fuskata ta tambaye ni ko lafiya.

Kafin la'asar labari ya isa wajen masu wasa zarto, inda Odell ya kai nasa. Ya iske an ƙara masa gishiri: a can jihar Ohio aka ɗaura auren, amarya ta sa koriyar riga, ango ya yi kuka. Ni ban ce koriya ba. Cewa na yi kore yana mata kyau.

Daga ranar Odell ya daina ɗaukar waya. Sau goma sha ɗaya ta kira. Da ta gaji ta kira ni, ni ma ina cike, don ban ga dalilin da za a yi biki ba goggo ba.

"Goggo, kin ga jarida?"

"Na gani. Ina taya ki murna."

"Na gode... Baba fa? Ba ya ɗauka."

"Ke kin fi kowa sanin dalili." Na ajiye.

Shekarata goma sha takwas ina aikin sa kai a gidan wasan nan. Ni ke nuna wa mutane kujera, ni ke raba katin ra'ayi da fensir a ƙofa, in an tashi kowa ya rubuta abin da ya gani ya jefa a akwati. 'Yan wasa ake ba wa katunan su karanta a bas. Nakan riga su dubawa, don kada a ba su da kuskuren rubutu.

Ranar Juma'a bas ɗinsu ta iso. Na shiga shirya katuna, sai ga Corinne a guje za ta rungume ni. Na tsaya ƙyam.

"Sannu, amarya."

"Wace amarya?"

"Matar Fraser mana. Ko katin gayyata bai kai tsadar goggonki ba?"

Ta saki baki. Daga saman tsani dogon nan Ansel ya leƙo, da wayar lantarki a wuya da fitila a hannu.

"Goggo, ina wuni. Ni Wisniewski ne sunana."

"Wis... me?"

"Kin ji dai," in ji Corinne. "Wannan ko na ɗauka ba zai shiga takardar wasa ba. Goggo, wa ya ce na yi aure?"

"Mutane," na ce.

Ta zaunar da ni a kan akwatin kaya ta yi mini bayani. Ashe ƙungiyar 'yan wasa doka gare ta, mutum biyu ba sa amsa suna ɗaya. Da aka ba ta jaruma ta je yin rajista, sai aka ce akwai wata Corinne Pruitt a littafi tun tuni, wata tsohuwa can yamma. Dole ta zaɓi wani a take.

"Sai na rubuta sunan itacen Baba. Irin da yake shukawa. Wanda ya dasa a ƙofar gida ranar da aka haife ni." Ta sunkuyar da kai. "Na ɗauka in ya gani zai yi dariya... Na ɗauka zai gane ina tare da shi ko ina ina."

Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage. Shekara talatin ina cin abinci daga itacen nan, bai taɓa zuwa mini a rai ba. Mu a gida "itace" kawai muke cewa.

Ansel ya sauko ya durƙusa gabanta ya kama hannunta.

"Kwantar da hankalinki, abar ƙaunata. Kuskure ne, za a gyara."

"Ba ka san Baba ba. Ba sunan kaɗai ba ne, tafiyar ce tun farko." Ta share ido. "In bai zo gobe ba, zan gama wasa biyun nan in mayar musu da matsayinsu. In koma gona. Ba zan iya waƙa da fushinsa a kaina ba."

"Shekara biyu kina jiran wannan rana, Corinne."

"Shi shekara ashirin da shida yana rainona."

Ya ƙara riƙe hannunta. Sannan ya ce, "To in kin koma, sai ki tambaye shi ko yana da zarto biyu."

A nan yaron ya shiga raina, duk da sunan nasa.

Na ja tsohuwar motata na hau dutse. Na samu Odell yana ɗingishi tsakanin itatuwan da aka sare, yana ɗaura musu 'yar takardar shaida. Na fizgi ɗaya na manna masa a kan jaridar, kusa da hoton.

"Karanta."

"Na iya karatu, Yaya."

"To me aka rubuta nan? Nan kuma fa?"

"Na gani tun ranar Talata. Shi ya fi ƙona min rai ma. Duk sunayen duniya, ɓarawon 'yata ya rasa wanda zai amsa sai na itacena."

"Kai dai sakarai ne tun kana ƙarami. Babu wani Fraser. Itacenka ne mijin."

Na zayyana masa komai. Ya tsaya da igiya a hannu, yana kallon dogon itacen nan na ƙofar gida, wanda masu saye suka sha taya shi ya hana.

"To wa ya fara cewa ta yi aure?"

"Mutane."

"Yaya."

"Imogene ce ta matsa mini."

Bai yi dariya ba. Ya koma ɗaurinsa.

"Ko ba aure, ai ta tafi ta bar ni."

"Cewa ta yi in ba ka zo ba za ta ajiye wasan ta dawo. Ka samu abin da kake so ke nan. Za ta riƙa amsa maka waya, tana waƙa a wajen wanke-wanke kamar uwarta."

Wannan na san ya shige shi, don Lurleen har ta mutu ba ta wuce mawaƙan coci ba, alhali muryarta ta fi gaban nan.

"Ina da lodi gobe," ya ce kawai.

Asabar ƙarfe biyu gidan ya cika maƙil. Rabin mutanen ango suka zo gani. Na ajiye wa Odell kujera a layin gaba, na ɗora jakata a kai, har na yi faɗa da mutum biyu saboda ita. Aka rage fitilu kujerar nan babu kowa.

Wasan na wata yarinya ne mai kula da fitilar tashar jirgin ƙasa ranar jajiberin Kirsimeti. Da Corinne ta fito da fitila a hannu, na ga idonta ya sauka a kan jakata. Sannan ta buɗe baki.

Ban san lokacin da na fara hawaye ba. Ina tsaye a ƙofar baya sai na ji warin ƙaron itace. Na waiga. Ga Odell nan a jikin bango, da takalmin aiki, hula a hannu.

"Ga kujera can gaba," na raɗa masa.

"Da wannan kayan? Bar ni nan."

Na tura masa kati da fensir, don doka ce. Ya tsaya a kan ƙafar nan mai ciwo awa biyu cur. Ana fara tafi na juya, babu shi.

Na sami Corinne a ɗakin sauya kaya tana goge kwalliya, Ansel na tsaye a kanta.

"Bai zo ba, Goggo."

"Ya zo. A baya ya tsaya."

"Kada ki yi min ƙarya don ki lallashe ni."

Kun ga illar suna. Rana ɗaya na faɗi gaskiya tsantsa, an ƙi yarda.

Na ɗauko akwatin ra'ayi na zazzage a kan tebur. Na fara karanta musu ɗaya-ɗaya ina nema.

"'Waƙoƙi sun yi daɗi, amma kujera ta goma sha huɗu tana cizo.' Wannan mai gidan mai ne. 'Na yi kuka sau uku, a rage sanyin ɗakin.' Matar fasto. 'Ina angon? Ba a nuna shi ba.' Imogene, Allah ya shirye ta. 'Dusar ƙanƙarar takarda ta faɗa min a baki.' 'Yarinyar Pruitt ta fi ta bara nesa ba kusa ba.'"

Sai wani kati ya manne mini a yatsa. Ƙaro ne a gefensa. Rubutun kamar kaza ta bi ta kai. Ban karanta ba, na miƙa mata. Karo na farko ke nan a shekara goma sha takwas.

Ta karanta a fili, tana tsayawa.

"'Wasan ya yi tsawo. Itacen da ke kan dandali na roba ne, wannan abin kunya ne a garin nan. Gobe zan kawo na gaske... Yarinyar mai fitila ta yi daidai. Muryar uwarta ce. Kada ta kuskura ta bar aikin... Sunan ma ba laifi. Mai kunna fitilu ya zo gona ranar Litinin, ya taho da safar hannu.'"

Ta kifa kai a ƙirjin Ansel tana kuka tana dariya.

"Safar hannu," in ji shi. "Wannan izini ne ko hukunci?"

"Duka biyu, ɗana," na ce.

Lahadi da safe akori-kurar Odell ta tsaya a ƙofar gidan wasa da itace mai tsawon mutum biyu. Corinne ta fito ba takalmi a cikin sanyin nan.

"Baba..."

"Kama can, kada reshen ya karye."

Ba ta kama ba, shi ta kama. Ya tsaya kamar gungume, can sai na ga hannunsa ya hau kanta.

Litinin ranar hutun 'yan wasa ce. Ba Ansel kaɗai ya zo ba, bas guda ta hau dutse, har da mai fitowa a direban jirgi. Suka yi lodin kwana uku a wuni ɗaya, suna waƙa. Ansel ya sare itace biyu a karkace, hannunsa ya yi bororo, bai yi ƙorafi ba. Da yamma, muna cin wake da burodin masara, ya ajiye cokali ya nemi aurenta a gaban kowa. Odell ya sa shi ya maimaita sunan nan nasa sau uku, sannan ya ce biki sai Afrilu, in an gama dashe.

Ina share hawaye ina laluben wayata a jaka, sai Odell ya dafe hannuna.

"Yaya, wa za ki kira?"

"Ba kowa. Imogene kawai."

"To ki faɗa mata daidai," ya ce. "Kuma rigar fara ce."