Tantabarun Fare

A gonar Malam Inuwa da ke Badafi Zayyad ya fara ganinta, ranar da suka kawo injin casar masara daga Ƙofa. Ya yi buɗu-buɗu har gira, sai ga Bahijja, 'yar mai gonar, ɗauke da kwanon fura. Ta ajiye, ta ce, "Sannunku da aiki," ta juya. Gogan naka ya saki baki har buhun da yake tarewa ya cika ya fara zuba.

Labaran, abokin aikinsa, ya zungure shi.

"Rufe bakin, malam. Wannan ba ta kula kowa, ni ma na gwada. Mu yi fare. In ka samo lambarta kafin kaka ta wuce, fararen tantabaruna biyu naka ne. In ka kasa, wayarka tawa ce."

"Na yarda," in ji Zayyad. Suka tafa.

Kwana tara ya yi yana ƙirƙiro dalilin komawa Badafi. A na goma ta ba shi lambar, tana dariya cikin mayafi. Labaran ya kawo tantabaru yana ƙunƙuni.

To, kafin nan Zayyad ya riga ya faɗa sonta da gaske. Ya duba ɗakinsa bai ga abin da ya kai tantabarun nan kyau ba, sai ya tafka wauta, ya kai mata su kyauta.

Tun daga ranar bai sake samun sukuni ba. Kowane saƙonta sai ya soke shi:

"Hasken idona, 'ya'yanmu sun ci gero sun ƙoshi. Macen ta yi ƙwai biyu. Duk sanda na dube su sai in tuna kai ne mutum na farko da ya zo wajena da zuciya ɗaya."

Ya karanta ya fi sau goma. Amsar da ya iya bayarwa ita ce, "Allah ya raya, Bahijjata."

Da magana ta je kunnen Malam Inuwa, sai ya kira shi zaure. Zayyad ya durƙusa ya gaishe shi.

"Yaro, ba na ƙin ka," in ji dattijon. "Amma na ji samarin yanzu ba su da aiki sai zuba kuɗi a kan ƙwallo. Ba zan ba ɗan caca 'yata ba. Ka taɓa yi?"

"Ban taɓa ba, Baba."

A hanyar gida ya yi ta lallashin kansa. Ai caca da karta ake yi, ko da kuɗi. Nasa fare ne, musu ne na abokai, wasa ne kawai. Ya jera sunayen nan kaf, amma ko ɗaya bai sa tuwo ya wuce masa ba.

Ana saura wata guda a kai kuɗin gaisuwa, namijin tantabarar ya tashi ya koma tsohon gidansa a Ƙofa. Labaran ya kamo shi ya kawo, yana murmushin mugunta.

"Ka ga tsuntsu ya san mai shi. In mayar mata da kaina in yi mata bayani, ko kai za ka kai?"

Zayyad ya karɓa. Da la'asar ya same ta a ƙofar gida, ya faɗa mata komai, idonsa a ƙasa.

Ta dube shi ta ce:

"Yaya Zayyad, wato duk zuwan nan da ka yi, wayarka kake ceto?"

"Kwanakin farko ne kawai, wallahi. Daga baya..."

"Ni kuma ina ta ba su gero ina kiransu 'ya'yanmu." Muryarta ta karye. Ta shige gida.

Sati biyu ya yi yana tura saƙo ba amsa. Ya rame, kunya ta hana shi ko bi ta hanyar Badafi. Ran nan dai ya yi ta maza, ya je ya durƙusa gaban Malam Inuwa ba tare da an kira shi ba.

"Baba, ƙarya na yi maka. Na yi fare, kuma a kan 'yarka na yi."

Dattijon ya dube shi.

"Fare, caca, duk kanwar ja ce. Ka san da ka yi shiru, ba lallai in ji ba?"

"Na sani, Baba. Na kasa ne."

"To, ka kwashe tsuntsayen nan har da 'ya'yansu ka mayar wa mai su. Sauran magana ba tawa ba ce. Wadda ka ɓata wa tana ciki."

Ya mayar a ranar. Sai da aka ƙara kwana shida wayarsa ta yi ƙara, saƙon Bahijja ne:

"Ka turo magabatanka. Amma ka sani, har yanzu da sauran fushi."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure a Badafi. Malam Inuwa ya dafa kan ango ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya sa gaskiya ta zauna a gidanku." Jama'a suka amsa da amin.

Da aka kawo amarya Ƙofa, 'yan rakiya suka watse, Zayyad ya tsuguna a gabanta.

"Bahijjata, fushin fa?"

Ta ɗaga mayafi kaɗan.

"Na yafe tun ranar da ka durƙusa gaban Baba. Ina bayan ƙyaure, na ji komai. Kwana shidan nan na bar ka ne ka ɗanɗana abin da na ji."

Ya yi dariya, hawaye na zubo masa. Ta sa gefen mayafinta ta share.