Fitilar Da Ta Biyo Jirgin Ruwa

Dakta na zaune a bakin gado da laftof a cinya, ta zuba wa allon ido kamar za ta cinye shi. Ba ta zama likita ba tukuna. Mijinta ne ya laƙa mata sunan tun tana aji ɗaya a sashen koyon duba ido, sunan ya bi ta har ajin ƙarshe. Tun safe take fama da fotal ɗin jami'a. Ta sa fasuwod ya ce ba daidai ba, ta sake sawa ya karɓa, ta zaɓi kwasa-kwasanta tsaf, tana danna sabmit ya watso ta waje.

"Wannan fotal ɗin Allah ya isa tsakanina da shi," ta ce.

Mijin nata, mai gyaran waya ne da kowa ke kira Injiniya, yana ɗaure igiyar takalmi yana dariya. "Ki bi shi a hankali, Dakta, shi ma bai karya ba."

"Kai komai wasa. Zo ka ga abin da ya fi fotal ɗin ciwo."

Akwai kwas ɗin asibiti da ba ya buɗuwa a fotal sai kodineta ya ga ɗalibi da fitilarsa ta duba cikin ido, ya sa hannu. Sau ɗaya ake yin kwas ɗin a shekara, wanda ya rasa shi ya maimaita shekara ke nan. Fitilar kuwa ba a samunta a gari, sai an yi oda daga waje. Ta juyo masa da laftof ɗin. Kuɗin fitilar da sauƙi, amma da ya kai idonsa kan kuɗin shifin sai dariyar ta ɗauke. Kuɗin kawo ta ya fi kuɗinta nesa ba kusa ba.

Umma, mahaifiyar Injiniya, ɗakinta na kallon nasu, kuma kunnenta ba ya kuskure. Ta ɗaga labule ta leƙo.

"Me nake ji? Kuɗin kawo abu ya fi kuɗin abun? Kujera za a saya mata a jirgin, har da abinci?"

"Haka tsarin yake, Umma," Dakta ta ce a hankali.

"Tsarin ɓarna dai. Kai ba kuna haɗa odarku da 'yan layinku a kwali ɗaya ku raba kuɗin ba? Jefa ta a ciki mana. Ko don ta 'yar boko ce sai ta zo ita kaɗai kamar amarya?" Ta juya ga surukar tata. "Ke kuma kin dai san maganata. Na yi haƙuri da fitar safe da dawowar yamma, amma bana ce ta ƙarshe. Aka ƙara shekara, a ajiye littafi a kama gida."

Dakta ta sunkuyar da kai. Da Umma ta saki labulen ta kama hannun rigar mijinta. "Za ta iso kafin a rufe rajista?"

"Haba, kwalinmu ta sama yake zuwa kullum. Kwantar da hankalinki."

Ai kuwa ta kwantar, don ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba.

Masu gyaran waya na layinsu haka suke yi. Kowa ya yi odar abin da yake buƙata, wannan sikirin, wancan bakin caji, duk a tura wa ejan ɗaya a can, ya haɗa a kwali, su raba kuɗin jirgi. Doka ɗaya ce kowa ya sani: ba a sa batir a kwalin sama, don ejan ba ya ɗora batir a jirgin sama, sai dai ya juya kwalin gaba ɗaya ta ruwa. Injiniya ya fi kowa sanin haka, shi ke ma tuna wa mutane. Amma ranar yana sauri, bai tambayi abin da kowa ya zuba ba, ashe maƙwabcin shagonsa ya cusa batura a ciki.

Sai da ya ga shiru ta yi yawa ya buɗe tirakin, shafin bin sawun kaya, ya ga ɗan hoton jirgin ruwa. Ya goge allon wayar da rigarsa ya sake dubawa, jirgin ruwan na nan. Ya kira ejan, ejan ya ce sai dai haƙuri, kaya na tsakiyar teku, sai bayan wata biyu in an yi sa'a. Rajista kuwa ƙarshen mako za a rufe.

Da yamma ya shigo ba sallamar kirki, ya zauna a ƙasa ya jingina da gado.

"Lafiya, Injiniya? Ko wayar wani ka ƙona?"

"Gara ma ita." Ya miƙa mata wayarsa. "Dakta, na cuce ki. Fitilarki na cikin ruwa."

Ta daɗe tana kallon hoton kafin ta gane. Hawaye suka zubo mata shar. Ta tuna layin da ta bi a ofis-ofis, da jarabawar da ta rubuta da zazzaɓi, duk ga shi za su tafi a kan batir ɗin wani. Zuciyarta ta yi ta tafasa, bakinta cike da magana mai zafi. Sai ta dube shi, ƙato guda ya haɗa kai da gwiwa, shi da ya sha barin shago ya kai ta lakca a kan babur cikin ruwan sama. Ta haɗiye maganar da ƙyar.

"Tashi ka ci abinci," ta ce tana share fuska. "Kuskure ne, ba ka yi don ka cuce ni ba."

Magana ba ta ɓuya a dangi. Washegari sai ga Yaya, babban wanta, wanda ya biya mata kuɗin makaranta tun rasuwar mahaifinsu. Ko zama bai yi ba.

"Dama na faɗa. Gidan nan ba sa son karatunki, sun rasa yadda za su yi ne suka jefa shi a teku." Ya nuna Injiniya da makullin mota. "Kai da kake odar kaya kullum, ka ce ba ka san batir ba ya hawa jirgin sama ba? Da gangan ka yi."

"Yaya, wallahi..."

"Rufe min baki. Ke, haɗa kayanki. Ko shekara nawa ce ki maimaita a gidana, babu mai ce miki ki ajiye littafi. Amma faɗa min tukuna, wa ya kawo shawarar wannan arhar banza?"

Injiniya ya sunkuyar da kai, ba zai ambaci uwarsa ba. Dakta ta san kalma ɗaya ta isa ta wanke mijinta, ta kuma san kalmar za ta haɗa Yaya da Umma faɗan da ba zai mutu ba.

"Da yardata aka yi, Yaya. Ni na ga kuɗin ya yi yawa."

"Ke?"

"Ni. Kuma ka yi haƙuri, ba zan bi ka ba. Kai ne ubana, ban isa in ƙi maganarka ba, amma mutumin nan bai taɓa tare min hanyar makaranta ba. Ba zan bar shi ranar da ya yi kuskure ɗaya ba."

Hawaye na zuba, amma ba ta matsa daga inda take ba. Sai labule ya motsa. Umma ta fito a hankali, ba irin fitowar da aka saba gani ba.

"Ɗana, zauna," ta ce wa Yaya. "Yarinyar nan rufa min asiri take yi. Ni na sa shi. Ita ta so a biya kuɗin jirgin, na hana." Ta dubi Dakta ta daɗe. "Ni ina ƙirga miki shekara, ke kina tare min faɗa."

Yaya ya zauna a hannun kujera yana juya makulli.

Da safe Dakta ta fito ta tarar da Umma a shirye, har da jakar hannu. "Mu je in ga wannan kodinetan."

Sun tarar da layi tun daga ƙofar ofis har matakala. Kowa da kukansa, wannan fotal ya cinye masa kwas, waccan ta biya kuɗi an ce ba a gani ba. Wani ɗalibi ya tashi ya ba Umma benci. Ta zauna tana kallon ikon Allah.

"Haka kike yi kullum?"

"Yau ma da sauƙi, Umma."

Can layi ya zo kansu. Kodineta na ganin Dakta hannu wayam ya girgiza kai. "Babu fitila, babu sa hannu. Na gaji da faɗa."

"Malam, ni zan yi magana," Umma ta ce, ta ja kujera ba a ba ta ba. "Fitila an saya, tana cikin teku, ga hoton jirgin a waya. Rowata ce ta kai ta can. In akwai wanda za a maimaita wa shekara, ni ce, sai ka rubuta sunana."

Kodineta ya cire tabarau yana danne dariya. Ya karɓi wayar ya duba rasit da tirakin da kyau. Ya ce dokar don kada ɗalibi ya shiga asibiti ba kayan aiki ne. In Dakta za ta samo ɗalibar da ranar shigarta asibiti ta bambanta da tata, ta yarda su riƙa karɓa-karɓa har tata ta iso, zai sa hannu. Kafin ya rufe baki wata ƙawarta da ke bakin ƙofa ta ɗaga tata fitilar. Ya sa hannu, ya buɗe mata kwas ɗin.

Saura fotal, ga shi ranar ce ta ƙarshe, duk jami'a ta taru a kansa. Suka wuce shagon Injiniya inda netwok ya fi ƙarfi. Maƙwabcin nan mai batura, don kunya, shi ya fara kawo wayarsa. Kan ka ce me, rabin layin sun ajiye aiki, kowa na gwada shiga da sunanta, fotal na watso su ɗaya bayan ɗaya. La'asar ta yi, Dakta ta kifa kai a kan teburin gyara.

Umma ta dafa bayanta. "Ɗago, 'yata. In ya ƙi, ki maimaita shekarar, a ɗakinki, ni zan riƙe miki gida. Na janye maganata."

Dakta ta rungume ta tana kuka, wannan karon na daɗi. Suna haka Injiniya ya yi tsalle har ya ture kujera.

"Ya shiga!"

Layin ya kaure da tafi. Dakta ta karɓi wayar, ga kwas ɗin asibiti a jerin sauran. "Alhamdulillahi," kawai take maimaitawa. Ta kira Yaya ta faɗa masa, ya ce a ba shi Injiniya, ya nemi afuwarsa da bakinsa.

'Yan'uwana mata da maza, kuskure ba ya ƙarewa a gidan aure, na miji daban, na uwar miji daban. Da Dakta ta saki harshenta ranar da ranta ya ɓaci, da ta yi gaskiya, amma da ta rasa gida biyu. Ta yi haƙuri ta rufa wa surukarta asiri, Allah ya ba ta rajistarta, ya bar mata mijinta, ya kuma ƙara mata da uwa.