Bargon Ƙofar Gaba

"Ki sakar masa hannu!"

Glenys ba ta saka ba.

Shekararta tamanin da biyu, ko cokali ta ɗauka hannunta rawa yake, amma ranar ta riƙe Clarrie kamar an ɗaure su da igiya.

"Na ce ki saki hannun ubana!" Leanne ta finciko bargon da muke ɗinkawa daga kan tebur, allurai suka watse. "Wannan shuɗin ne? Rigar uwata ce wannan?"

"Leanne, 'yata, tsaya ki ji..."

"Baba, yi shiru! Rigar Mama ka ba wannan tsohuwar ta yayyanka?"

Mu takwas ne a ɗakin ɗinki, kowa ta sunkuyar da kai. Ni na fi kowa sunkuyarwa, don ni na kai gulmar.

A gidan tsofaffin nan namu na garin Mackay, da can in mutum ya mutu ba a gaya mana. Sai a jira mu shiga cin abincin rana, a ja ƙofa, a fitar da shi ta baya, wajen ɗakin wanki da kwandunan shara. Washegari ki ga kujerarsa ba kowa, an ɗauke kofinsa. Ki tambaya, a ce, "Ci abincinki, Mena."

Glenys ce ta miƙe a taron mazauna gida, ta dafa keken dogarawarta.

"Ta ƙofar gaba 'ya'yanmu suka shigo da mu, har da furanni. Ta nan za mu fita! Mu ba zannuwan gado ba ne."

Ta ce mu ɗinka bargo, kowa ya kawo ƙyalle daga kayan da yake ƙauna. Wanda ya mutu a lulluɓe shi, a wuce da shi ta tsakiyarmu. Manaja ta yarda, don dai ta huta da bakin Glenys.

To amma yatsunmu duk sun ƙage, ba mai iya riƙe almakashi. Sai ga Clarrie, namiji ɗaya tilo, wata Talata.

"Shekara arba'in ina saran rake," in ji shi. "Tsumma ne zai gagare ni?"

Shekara biyu ina zama a teburin mutumin nan. Kek ɗina nake tura masa, in ce na ƙoshi. Ko sunana bai riƙe ba, "'yar Malta" yake ce mini, da sunan ƙasarmu ta asali. Glenys kuwa sati uku kacal...

"Yarinyata, miƙo zaren nan," in ji shi gare ta.

"Yarinya a ina? Haƙorana a kofi suke kwana."

"Nawa ma haka. Mu haɗa su kofi ɗaya mana, mu rage wa ma'aikata wanki."

"Kai Clarrie, ba ka da kunya!"

"Na bar ta a gonar rake, masoyiya."

Ta yi dariya har da hawaye. Ni na soki yatsana da allura, ba wanda ya lura.

Wata rana ya zo da shuɗiyar riga a naɗe. Ta Val ce, matarsa, shekara tara da rasuwa.

"Ka tambayi 'yarka?" Glenys ta ce.

"Matata ce. Val ba ta taɓa son zama ita kaɗai ba, ga shi na rufe ta a akwati shekara tara. Ki sa ta cikin mutane."

Glenys ta ƙi taɓa almakashin. Shi ya yanka da hannunsa, yana yi yana share hanci. Ina wurin.

Ran Lahadi Leanne ta zo ziyara, na tare ta a baranda.

"Yarinya, ran Talata ki leƙa ɗakin ɗinki, ki ga abin da aka yi da rigar uwarki."

Ban yi ƙarya ba. Ragewa na yi.

Leanne ke riƙe da takardar da ta ba ta iko a kan ubanta. Ya faɗi sau biyu, wani lokaci yakan manta ranaku, wannan ya ishe ta hujja. Kwana uku bayan rigimar aka mayar da shi ɓangaren masu mantuwa, inda ƙofa sai an danna lambobi. Aka manna takarda a jikin ƙofar. Ni ban iya karatu ba, amma na ga fuskar Glenys da ta karanta, na gane ita aka hana shiga.

Na zaci zan ji daɗi.

Kullum bayan shayin safe sai ta ja keken dogarawarta har ƙofar. Akwai ɗan gilashi a sama, tsawonta bai kai ba. Sai ta yi wa katako magana.

"Clarrie, masoyi, mun gama gefen hagu. Mena ce ke yankan yanzu, duk a karkace..."

Sai ta ƙara matsawa jikin ƙofar.

"Ka ci abinci, ka ji? Ko loma biyu ne!"

Bai ci ba. Sati bakwai ya yi. Wata Alhamis da hantsi muka ga farar motar ɗaukar gawa ta zagaya baya.

Na tura kekena na guragu, ban san ina da wannan ƙarfin ba. Na iske Leanne a bakin ofis, idanu jajir, tana ce wa manaja, "Ta baya. Ba na son 'yan kallo."

"Yarinya."

"Ba yanzu ba, Mena."

"Yanzu ne. Ubanki ne ya yanka rigar da hannunsa. Glenys ta ƙi taɓawa, har cewa ta yi ya tambaye ki."

Ta juyo a hankali.

"Kina wurin?"

"Ina wurin."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ina son sa. Shi kuma bai san ina da rai ba."

Na jira ta mare ni. Da ta mara da na ji sauƙi. Sai ta wuce ni kawai, ta nufi ɗakin Glenys, na bi ta a baya.

Glenys na zaune bakin gado, bargon a cinyarta, gefe ɗaya ba a gama ba, allurai a soke.

"Kullum in na zo sai ya tambaye ni ko kin ci abinci," Leanne ta ce. "Ban taɓa isar miki ba..."

Glenys ta miƙa mata bakin bargon.

"Kama wancan gefen, 'yar nan. Ya yi mini nauyi."

Aka dakatar da abincin rana. Muka jeru a zauren gaba, masu keke, masu sanda, har mai dafa abinci ta fito da ludayi a hannu. Su biyu suka lulluɓe shi. Glenys ta gyara shuɗin ƙyallen ya zauna daidai ƙirjinsa.

"Ga Val nan, ta raka ka. Ni sai na biyo."

Ta bi bayansa har ƙofar gaba. Taku ashirin ne, amma sai da ta huta sau uku. Masu ɗaukar gawa suka jira ta, ba wanda ya duba agogo.

Da yamma na same ta tana cire allurai daga bargon, an dawo da shi.

"Glenys..."

"Leanne ta gaya mini."

"Ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba.

"Ranar da taki ta zo, Mena, ni zan lulluɓe ki da hannuna. Ta gaba za ki fita, kamar kowa. Amma kafin nan ki nemi wani teburin."

Wata biyar ke nan ina cin abincina ni kaɗai a gindin taga. Kullum da safe sai na ji ƙarar keken dogarawarta ta tsaya a ƙofata. Ta leƙo, ta ga ina numfashi, ta wuce.