Kibiya Mai Jan Zare

A wani zamani can, an yi wani maharbi da gyado ya addabi gonar rogonsa. Saura kunya uku kacal, su ne kuwa abincin gidansa har kaka.

Ya garzaya wurin tsoho mai ɗaura kibau. Tsohon ya zube masa guda goma, ya ce da 'yar muryarsa ta hanci, "Ɗana, kowace ka kai ta kunne ka lanƙwasa. In kyauron ya ce ƙas, ƙwaro ya cinye cikinsa, yar da ita."

Maharbi ya ɗauka, ya lanƙwasa, shiru. Ya ɗauka, ya lanƙwasa, shiru. Hankalinsa kuwa duk yana gona. Da ya zo kan ta goma, mai sheƙi da jan zare, sai kawai ya jefa ta cikin kwari.

Tsoho ya ce, "Waccan fa?"

"Haba Baba, dubi kyanta! Wannan ai ba sai an gwada ba."

Yana isa gona sai ga gyado yana tono, yana gurnani. Da sauri maharbi ya laluba kwari, ya ɗana, ya ja tsirkiya. Sai da zai saki ya ga jan zaren.

Ƙas! Kibiya ta rabe biyu. Gyado ya ɗago, ya yo kansa. Maharbi ya ɗare bishiyar kanya, ko takalmi babu.

Yana sama yana kallo, gyado ya cinye kunya guda. Ya zaro sauran taran, gumi na zuba, ya sake kai kowace kunne, yana lanƙwasawa, kafin ya ɗana.